Shirin tafiya Tanzaniya da tsibiran Zanzibar: takardu, jaka da tsallaka teku

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ba ya buƙatar a koya masa zafi, sauro kuwa tsohon sani ne. Abu biyu ne ke ba mutanenmu wuya idan suka nufi gaɓar Tekun Indiya: takardu da teku. Takardun na da nasu lokaci, ba a tsallake ɗaya a kama ɗaya. Shi kuma teku yana da jadawalinsa na kullum da na shekara, ba ruwansa da ranar da oga ya ba ka hutu. Saboda haka an jera wannan jagora bisa yadda ya kamata a yi abubuwan, na farko kafin na biyu.

Ka fara sanin ina za ka

Tanzaniya haɗaka ce ta ƙasashe biyu. Tanganyika da Zanzibar sun haɗe ranar 26 ga Afrilu, 1964, amma har yau Zanzibar na da shugabanta da majalisarta da wasu dokokinta na cikin gida. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin akwai abin da za a tambaye ka a tsibirin wanda ba a tambaye ka a babban yankin ƙasar ba, wato tsohuwar Tanganyika, kuma ko daga birnin Darussalam da ke can ka tsallako sai jami'an shige da fice sun duba fasfonka.

Abin da yawancin mutane ke kira Zanzibar shi ne tsibirin Unguja, mai tsawon kusan kilomita 85. A nan tsohon garin yake, Mji Mkongwe, wanda taswirar waya ke rubutawa Stone Town, kuma a nan yawancin otal-otal suke. Daga arewa akwai Pemba, mai tuddai da gonakin kanumfari, baƙi ba su cika zuwa ba. Can kudu akwai Mafia, wanda shi ba ya ƙarƙashin gwamnatin Zanzibar. Mai mako guda ya tsaya a Unguja kawai. Mai kwana goma ko mako biyu ne zai yi tunanin ƙara tsibiri na biyu.

Mataki na farko: biza, tun kafin ka taɓa kuɗin tikiti

A nan aka fi yin asara. Mutum ya ga bidiyon wani Bature yana cewa ana samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya ɗauka haka yake ga kowa. Ba haka ba ne. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi na cikin jerin ƙasashen da ke neman irin bizar da suke kira Referral Visa. Ma'anarta ba a ba ka a bakin ƙofa, sai an tura takardunka ofishin shugaban hukumar shige da fice ya amince tukuna. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema aƙalla wata 2 kafin ranar tafiya, kuma kada a biya kuɗin jirgi sai amincewa ta fito. Mai fasfon Ghana kuwa yana shiga ba tare da biza ba don gajeriyar ziyara. Irin waɗannan ƙa'idoji kan canza, don haka abin da za ka fara yi shi ne ka buɗe shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya ka nemo sunan ƙasarka da idonka. Ka tabbata adireshin shafin ya ƙare da go.tz, don akwai shafukan 'yan kasuwa masu kama da na gwamnati da ke ninka kuɗin.

Kafin ka zauna cike fom, ka tanadi waɗannan a waya ko kwamfuta: hoton shafin fasfo mai ɗauke da bayananka, ƙaramin hotonka, shaidar masauki, da wasiƙar da ke bayyana dalilin zuwanka. Idan wani ne ya gayyace ka, za a so wasiƙar gayyata da shaidar ko shi wane ne. Fasfon ya zama yana da sauran wata 6 aƙalla daga ranar da za ka shiga, da shafin da ba a buga wa hatimi ba. Kuɗin bizar yawon buɗe ido ta shiga ɗaya dala 50 ne, da kati ake biya, kuma ba a mayarwa ko an hana ka.

Ga dabara kan masauki da tikiti: ka kama ɗakin otal irin wanda ake iya sokewa kyauta, ka sa kamfanin tafiye-tafiye ya riƙe maka kujera ba tare da an fitar da tikiti ba. Idan biza ta yi jinkiri sai ka matsar da rana, ba ka yi asarar ko kwabo ba. Sannan ka kula da yadda ka rubuta sunanka. Mu da ke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu a takardu daban-daban, dole fom da tikiti da katin rigakafi duk su bi rubutun da ke cikin fasfo, harafi da harafi. In ejan ne ke cike maka, ka zauna kusa da shi ka gani, ka kuma karɓi lambar neman bizar a hannunka don ka riƙa bibiya da kanka.

Mataki na biyu: zaɓen wata

Tanzaniya na kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka yanayinta ya saɓa da namu, kuma damina biyu ake yi a gaɓar. Babbar ita ce Masika, daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, Afrilu ya fi kowane wata ruwa. A lokacin ɗakuna kan yi araha, amma wasu otal-otal na rufewa, lungunan tsohon gari na cika da ruwa, ƙananan kwale-kwale kuma na iya kwana biyu ba su fita ba. Ƙaramar ita ce Vuli, wajen Nuwamba zuwa Disamba, ruwa ne mai zubowa ya ɗauke, ba ya hana yawo.

Daga Yuni zuwa Oktoba ne lokacin da ya fi daɗi: ba ruwa sosai, zafi da sauƙi. Sai dai a watannin farko na wannan lokaci iskar kudu da suke kira Kusi na kaɗawa da ƙarfi, teku kan yi tsauri, mai saurin tashin zuciya zai ji a jikinsa a jirgin ruwa. Janairu da Fabrairu rani ne mai zafi. Kada ka ce ai ka saba da zafin bazara. Namu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Na can mai laima ne, ma'auni zai nuna 32 amma riga ta manne a baya tun da hantsi, wanki kuma ya wuni a igiya bai bushe ba.

Ka duba kalandar Musulunci ma. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma da azumi yawancin gidajen abinci na gari a rufe suke da rana. Ga mai azumi wannan ba matsala ba ce, buɗe-baki a can abin sha'awa ne, amma yawon rana cikin laima da ƙishi ba wasa ba ne. Ƙarshen Disamba kuwa Turawa ne ke cika ko'ina, farashin ɗaki na kai ƙololuwa. Kuma ka saurari labarai kafin ka tsayar da rana: lokacin zaɓen Oktoban 2025 an yi tarzoma, an sa dokar hana fita a Darussalam, an katse intanet na kwanaki.

Mataki na uku: katin rigakafi, inshora da magani

Duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara, wato har da Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan, sai ya nuna katin rigakafi mai launin rawaya. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba abin da ake yi ana gobe tafiya ba ne. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A Najeriya ofishin lafiya na filin jirgi ne ke ba da katin, sabon samfurin yana da lambar da ake haskawa da waya a tabbatar da shi. Wanda ya sayi kati a bayan fage ba tare da allura ba ya cuci kansa sau biyu, ga kunya a gaban jami'i, ga shi ba kariya.

Daga 1 ga Oktoba, 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, Zanzibar Insurance Corporation. Dala 44 ce ga babban mutum, tana aiki har kwana 92. Ko kana da wata inshorar daga gida ba ta maye gurbin wannan. Ana saye ta intanet, a turo maka takarda mai lamba. Ka saya bayan biza ta fito, ka buga a takarda, ka kuma ajiye hotonta a waya.

Maleriya ta ragu sosai a Unguja idan aka kwatanta da da, amma ba ta ƙare ba, kuma ta fi yawa a babban yankin. Akwai kuma zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo. Ka ga likita kafin tafiya, musamman idan da mai juna biyu ko ƙananan yara, ko kuma kai ɗin ka daɗe a Turai ko Saudiyya jikinka ya manta da sauro. Masu hawan jini da ciwon suga su ɗauki maganin da zai kai su ya dawo da su har da rarar mako guda, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Magunguna irin su tramadol da kodin ba a ketare iyaka da su haka kawai. A ƙara da fakitin gishiri da sukari na gudawa, farasitamol, filasta, man korar sauro, da ƙwayar hana tashin zuciya a jirgin ruwa.

Mataki na huɗu: tikiti

Biza ta fito, yanzu ne za ka biya. Daga Kano, Abuja, Yamai ko Njamena, hanyar da aka fi bi ita ce jirgin Ethiopian Airlines ta Addis Ababa. Daga Legas ko Accra akwai Kenya Airways ta Nairobi. Dukansu na sauka a Darussalam, suna kuma sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume da ke Unguja. Idan tsibirin ne kaɗai burinka, ka yanki tikitin da zai sauke ka can, ka huta da cunkoson Darussalam da 'yan kamashon tashar ruwa. Idan kana da harka a birnin, ko kana son hawa jirgin ruwa, ka shiga ta Darussalam ka fita ta Zanzibar. Tikitin dawowa dole ne, ana tambaya.

Agogon Tanzaniya na gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, yana gaban na Ghana da awa 3. Sannan akwai tarkon da ke sa baƙi rasa mota: Waswahili na fara ƙirga awa daga fitowar rana, don haka ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a bakinsu. Idan direba ya ce zai zo ƙarfe 2, yana iya nufin 8 na safe. Ka nuna masa lokacin a fuskar waya ku daidaita.

Mataki na biyar: kuɗi da layin waya

Naira da sefa ba su da kasuwa a can, dala za ka riƙe. Ka gaya wa ɗan canjinka sababbin bugu kake so, domin takardun da aka buga kafin 2009 sau da yawa ba a karɓa, haka ma mai yagewa ko tabon biro. 'Yan 50 da 'yan 100 sun fi samun farashi mai kyau. Duk abin da ya kai dala 10,000 sai an bayyana shi ga kwastam, a fita da kuma a shiga.

A watan Maris na 2025 Tanzaniya ta fitar da ƙa'idar cewa ciniki a cikin ƙasar da shilin, kuɗin ƙasar, za a yi. Don haka da ka sauka ka canza kaɗan a filin jirgi na mota da ruwan sha, sauran ka canza a shagon canji mai lasisi cikin gari, ka karɓi rasit. Takardar da ta fi girma ita ce ta shilin 10,000, wadda ba ta kai dala 5 ba, saboda haka dala 200 kawai za ta cika maka aljihu. Ka raba kuɗin gida uku: na kashewar yau a aljihu, wani a jikinka ƙarƙashin riga, sauran a akwatin ajiya na otal. Injinan cire kuɗi sun fi yawa a tsohon gari, a ƙauyukan bakin teku kaɗan ne kuma sukan ƙare. Kafin ka baro gida ka tambayi bankinka ko katinka na aiki a waje da kuma iyakar abin da za ka iya kashewa. Otal-otal na karɓar harajin gwamnati na kowane dare, ka tambaya ko yana cikin farashin da aka faɗa maka.

Kada ka dogara da layinka na gida, kuɗin yawo da shi a waje zai cinye ka. Ka je shagon kamfani da fasfo ka yi rajistar layin Vodacom, Airtel ko Yas. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka. Ka sauke taswirar Unguja a waya tun kana da intanet mai ƙarfi.

Mataki na shida: haɗa jaka

Abu na farko: ka fitar da duk wata leda. Tun 1 ga Yuni, 2019 Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya, har baƙi an ce kada su shigo da ita. Mu kuwa takalmi a leda, turare a leda, yaji a leda cikin leda. Ka nemi jakunkunan yadi. 'Yar ledar nan mai zif ta zuba man shafawa da magani an yarda da ita, da sharaɗin za ka koma da abarka.

Tufafi su zama na auduga marasa nauyi. Shadda mai sitati da babbar riga a bar su, sai dai kala ɗaya na Juma'a. Jallabiya mara kauri da yadi mai laushi sun fi. Mata su ɗauki abaya da hijabi marasa nauyi masu saurin bushewa, da dogon wando da riga na shiga ruwa. A wannan fanni ba mu da matsala, domin mutanen Zanzibar na son sutura, Turawa ne ake ta roƙo su rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari. Kaya masu zanen kakin soja kada su shiga jakar.

Takalmi kala biyu: mai daɗin tafiya na lungunan tsohon gari, da na roba mai rufe ƙafa na shiga ruwa. Na biyun ba ado ba ne, za ka ga dalili a gaba. A ƙara da hula mai baki ko lema, tabarau, da man kare fata daga rana. Baƙar fata ma na ƙonewa idan ta wuni a kan ruwa da farin yashi, kwana biyu sai ka ga hanci da wuya na saɓa. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya da Ghana, amma wanda ya taso daga Nijar, Chadi ko Kamaru da caja mai baki biyu ya sayi adafta. Fawa banki da jakar waya mai hana ruwa shiga za su yi amfani. In za ka ɗauki yaji ko garin kunu, ya zama cikin roba mai rubutu a jiki, gari marar suna a jakar matafiyi na jawo tambayoyi. Kilishi da sauran nama na iya tsayawa a hannun kwastam.

Fasfo, biza, katin rigakafi, inshora, tikiti da shaidar otal: kowanne ka buga kwafi biyu, ka tura hotunansu ga wani na gida.

Mataki na bakwai: tsallakawa daga Darussalam

Ƙaramin jirgin sama na kai ka Unguja cikin minti 20, amma sau da yawa kilo 15 kawai ake yarda da shi, kuma sun fi son jaka mai laushi. Jirgin ruwa mai gudu na kamfanin Azam Marine na ɗaukar kusan awa 2. Tashar na kan titin Sokoine, daura da cocin St. Joseph. Na farko na tashi ƙarfe 7 na safe, na ƙarshe wajen la'asar, ba na dare.

Tun kafin motarka ta tsaya za a kewaye ta. Wani ya kama jaka, wani ya ce ofis ya koma can, wani ya ce tikiti ya ƙare sai ta hannunsa. Kada ka tsaya musu, kada ka saki jakarka. Ka ce "hapana, asante", wato a'a na gode, ka miƙe zuwa ginin kamfanin, ko ma ka sayi tikitin ta intanet tun jiya. Za a nemi fasfo, kuma farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. In kana son ɗan dako, ku yi ciniki kafin ya ɗaga. Ka isa awa guda kafin tashi, ka ɗauki hoton jakarka da lambar kejin da aka saka ta.

Jirgin safe ya fi kwanciyar ruwa. Ka sha ƙwayar tashin zuciya kafin a tashi kamar yadda takardarta ta ce, don idan amai ya fara ba ta da amfani. Kada ka cika ciki da mai, kada kuma ka hau da yunwa. Ka zauna tsakiya ko baya-baya, ka bar kallon waya, ka kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Da ka zauna ka duba inda rigar ceto take. Mutanen tsibiran ba su manta da jirgin da ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a Satumban 2011 ba, da wanda ya kife a Yulin 2012, an yi asarar ɗaruruwan rayuka. Jirgin da ka ga an yi wa lodi fiye da kima, ko kwale-kwalen da ba rigar ceto, kada arha ta sa ka hau.

Mataki na takwas: masauki da jadawalin teku

Ka ba tsohon gari dare biyu. Mota ba ta shiga yawancin lungunansa, don haka ka tambayi otal inda tasi zai ajiye ka, ko su turo yaro ya tarye ka. Tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Akwai ƙofofin katako masu sassaƙa, tsohuwar ganuwar Ngome Kongwe, kasuwar Darajani, da cocin da aka gina a filin kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873. Daga nan ake zuwa gonakin kayan ƙamshi, inda za ka ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu, da dajin Jozani mai jajayen birai, da tsibirin Changuu mai manyan kunkuru.

Sai zaɓen bakin teku, kuma a nan ne wanda bai san teku ba ke shan mamaki. Sau biyu a kowace rana ruwan na cika ya kawo har bakin otal, sau biyu kuma yana janyewa. A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu da Matemwe, idan ya janye yakan yi nisan ɗaruruwan mitoci, ya bar fili fetal, mata su shiga da kwanduna suna aikin gonakin ciyawar teku. Wanda ya biya ɗaki don ya yi wanka duk lokacin da ya so ya nufi Nungwi ko Kendwa a arewa, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga gari, inda ruwan ba ya gudu sosai. Sai dai can ne kiɗa da mashaya suka fi yawa. Mai iyali da ke son natsuwa zai fi jin daɗin Jambiani.

Lokacin cikar na matsawa da kusan minti 50 kowace rana, kuma yana bin wata: a tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar ne ruwan ya fi cika ya kuma fi janyewa. Otal-otal na rubuta jadawalin a allo, ka karanta kowace safiya. Haɗarin shi ne ka bi ruwa can ciki kana ɗaukar hoto, ya juyo ba ka lura ba. Ba ya zuwa da hayaniya, ramukan da ke bayanka yake fara cikawa, kafin ka waiwaya hanyar da ka bi ta zama kogi. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufi ko dam ya koya, inda ba igiyar ruwa mai ja. Ka juyo tun kafin lokacin da allo ya nuna, kada yaro ya bar hannunka, kuma duk fitar da za a yi da kwale-kwale, zuwa tudun yashin Nakupenda ko kallon kifaye a Mnemba, ka sa rigar ceto ka ɗaure ko da matuƙin na dariya. Takalmin robar nan kuwa saboda bushiyar teku ne, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke kwance tsakanin duwatsu. Ƙayar na karyewa cikin tafin ƙafa, ta hana ka taka ƙasa kwana da kwanaki. Murjani da katantanwar teku a bar su inda suke, fita da su na iya jawo maka magana a filin jirgi.

Zirga-zirga a tsibirin da tasi ne, ko dala-dala, wato motar haya ta jama'a, mai arha da matsi, ko bodaboda wato acaɓa. A yi ciniki kafin a hau. Ta hagu suke tuƙi, don haka wajen tsallaka titi ka fara duba dama. Mai son hayar mota sai ya karɓi takardar izinin tuƙi ta Zanzibar, kamfanin haya ne ke shirya ta.

Salla, abinci da zama da mutane

Alƙibla a Zanzibar arewa take, kusan sak, domin tsibirin na kudu da Makka ne a kan layi ɗaya. Wanda ya shimfiɗa darduma ya fuskanci mafitar rana kamar yadda ya saba a gida ya kauce. Masallatai na ko'ina, yawanci Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa da 'yan Shi'a, za ka ga ƙananan bambance-bambance a salla waɗanda ba abin tayar da magana ba ne. A Kizimkazi, can kudu, akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke nuna shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107.

Abincin gari halal ne kusan duka. A manyan otal-otal na baƙi ne ake buƙatar tambaya, don akwai giya, wasu har da naman alade. Pilau, biriani, shinkafar kwakwa, ugali wanda tuwon masara ne, da tsiren da suke kira mishkaki, duk ba za su ba ka wuya ba. Da magariba a lambun Forodhani da ke tsohon gari ana baje gasasshen kifi da miyar urojo. Ka tambayi farashi kafin a ɗora maka a faranti, ka zaɓi abin da aka gasa a gabanka, ba wanda ya daɗe a tire ba. Idan ba ka taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, ka fara da ɗan kaɗan da rana, domin wasu jikinsu na ƙi, leɓe ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka ci: a Pemba ya kashe mutane a 2021, ya sake kashewa a Maris na 2024, yawancinsu yara. Ruwan sha na gora kawai.

Sallama na buɗe kowace ƙofa. Dattijo ana ce masa "shikamoo", ya amsa "marahaba". Kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mace, ba da izini ba, haka ma ginin gwamnati ko na sojoji.

Idan za ka ƙara Pemba ko Mafia, da ranar komawa

Pemba na da nisan kusan rabin awa a ƙaramin jirgi daga Unguja, ana sauka kusa da Chake Chake. Jirgin ruwa na zuwa Mkoani amma ba kullum ba, kuma mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu ya fi na Darussalam tsauri. Masauki kaɗan ne, ka kama tun kafin ka je, ka kuma riƙe tsabar kuɗi. Mafia daga Darussalam ake zuwa a jirgin sama, an fi zuwa tsakanin Oktoba da Fabrairu don ganin kifin nan da ya fi kowane kifi girma a duniya, kuma ana biyan kuɗin shiga gandun teku na kowace rana ga wanda ya sauka a cikinsa.

Ko wane tsibiri ka je, kada ka haɗa tsallaka ruwa da jirgin komawa gida a rana ɗaya. Iska na iya sa a soke jirgin ruwa, ƙaramin jirgin sama na iya jinkiri, kamfanin da zai kai ka Addis Ababa kuwa ba zai jira ka ba. Ka kwana a garin da jirginka zai tashi. A daren ka auna jakarka, don kanumfari da atamfar kanga na tsaraba sun fi yadda ake zato nauyi. Ka mayar da ragowar shilin zuwa dala kafin ka wuce jami'an shige da fice, ka bar na tasi kawai, sannan ka sake duba ranar da aka buga maka a fasfo, domin wuce wa'adin biza ko da kwana ɗaya ne na jawo biyan tara.